Shekarar da Adda Ta Fasa Hawa Jirgin Ruwa

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan kun taru da sallah. Ana cikin cin nama sai wani ya ce a tuna ranar da Hajiya ta tara wa kanta jama'a a jirgin ruwa, tana kururuwa za a nitse, alhali jirgin yana ɗaure a bakin gaɓa ko motsi bai yi ba. Sai a kwashe da dariya, har jikokin da ba a haifa ba a lokacin su ma su taya. Ban hana ku dariya ba, ni ma nakan yi. Amma rabin labarin ne a hannunku. Ga sauran nan na rubuta da hannuna. In kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri, sai da na haura hamsin, bayan rasuwar mahaifinku, sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na zauna benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana.

Mu uku ne muka rayu a cikin 'ya'yan Innarmu, a Farin Dutse ta ƙasar Gwaram. Ilu ne babba, sai Adda Hari, sai ni. Gidanmu gidan shanu ne da noma. Fillanci ya bar bakinmu tun zamanin kakanni, 'yan kalmomi kawai suka rage mana, sai kuma kunya, ita kam ba ta je ko'ina ba. Mace a gidanmu ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta cin abinci yana kallo, in ya tsaya yana yi mata magana ba ta bari ya kai ƙarshe. Da an yaye shi sai a miƙa wa wata ta riƙe. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana haka, gani muka yi ana yi.

Ina da shekara kamar tara, wata damina mai ƙarfi, Ilu ya shiga kwale-kwale zai haye zuwa kasuwa, kwale-kwalen ya kife. Aka tsamo wasu, shi ba a gan shi ba. Kwana uku maza suna bin gaɓa suna ƙwala kiran sunansa, har waɗanda ba su san fuskarsa ba. Inna tana tsaye a gindin wata giginya, ni da Adda muna riƙe da gefen zaninta. Kowa yana kira ban da ita. Na ɗaga kai na ga leɓenta yana rawa, amma ba abin da ya fito. Mutane suka yi ta yabonta, wai ga mace mai kunya, ɗanta na fari ya tafi ko hawaye ba a gani ba. Ba a samu gawarsa ba. Daga ranar ni da Adda ba mu sake taka ruwan da ya wuce idon sawu ba. Gada ma in mota za ta hau, rufe ido muke yi mu kama salati.

Da na yi aure a Unguwar Ya ta Birnin Kudu na haifi Usmanu, babban yayanku, sai aka yi abin da aka saba. Ranar yaye Adda ta zo daga Kwandiko inda take aure, ta goya shi ta tafi. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Shi ne ɗanta, ita ta kai shi allo, ita ta sayar da karsanarta ya yi karatun aikin asibiti. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Yafendo yake ce mini, wato ƙanwar uwa. In zan yi maganarsa sai in ce na wajen Adda. Kun san bakina, ba mai unguwa ba ko dagaci na tsaya gabansa na faɗa masa gaskiya a kan iyakar gonarmu. Amma yaron nan in ya shigo gaishe ni, sai in tsinci kaina ina gyara murhun da ba wuta a ciki. Shekara arba'in da 'yan kai muna haka. Da ya samu aiki a wani asibiti a Jidda, duk Juma'a wayar Adda yake kira. In akwai saƙona, ita za ta kawo.

To a wannan shekarar ne Adda ta zo mini da saƙo tana murmushi tun daga zaure. Ta ce ɗanta ya shirya mana Umara mu biyu, in mun gama kuma zai ɗauke mu yawon kwana uku a wani babban jirgin ruwa a kan Bahar Maliya, wai mu huta, mun sha wahalar duniya. Matarsa Rabi tana da tsohon ciki, masu jirgin ba sa ɗaukar mai tsohon ciki, saboda haka mu uku ne. Ya kama ɗaki biyu, ɗaya nasa, ɗaya mai gado biyu namu, an riga an rubuta sunayenmu. Da na ji kalmar ruwa na tuna Ilu, amma na ga Adda ba ta ja da baya ba, ni ma na amince. A raina na ce ai tana nan. Ita za ta zauna tsakanina da shi, ita za ta zauna tsakanina da ruwan. Aka yi mana fasfo, aka buga biza, muka zaga dangi muna neman gafara kamar yadda matafiyi yake yi.

Saura kwana goma sha ɗaya mu tashi na je Kwandiko don mu haɗa masa tsaraba. Muna tsakar gida da hantsi, ina dakan dambun nama, Adda tana tace man shanu, sai ga saƙo ya shigo wayarta. Bidiyon jirgin ne ya turo mana mu gani. Muka haɗa kai a kan wayar. Abu ne kamar an ɗauki unguwa guda an ɗora bene a kan bene an tura shi cikin ruwa. Mai ɗaukar hoton ya juya hagu, ruwa. Ya juya dama, ruwa. Adda ta sa aka maimaita mata sau uku.

"Ina gaɓar?" ta ce.

Na ce, "Tana can bayan mai ɗaukar hoton."

"Ai ya juya bayan ma. Na gani."

Ta ajiye wayar a kife a kan tabarma, ta ci gaba da tace manta. Sai da muka yi azahar, tana zaune a kan buzu ba ta ko kalle ni ba, ta ce ta fasa. Na ɗauka jirgin ruwan kawai take nufi, na ce to ta zo mu yi Umara, in ya so ta zauna a gida wajen Rabi.

"In na je zai kalle ni," ta ce. "In ya kalle ni kuma ba na iya ce masa a'a. Na sauke farali tun Malam maigidana yana da rai, Allah ya karɓa. Ke ki je."

"Ni kaɗai? Da wa zan zauna?"

"Da shi mana. Ai ba kura ba ne."

Abin da na faɗa mata a ranar ba zan ɓoye muku ba, don shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Na ce ta ci amanar yaro. Na ce ta bari ya gama shiri, ya faɗa wa abokan aikinsa iyayensa suna tafe, sannan za ta kwance masa zani a kasuwa. Na ce tsoron ruwa ba ita kaɗai ta gada ba, tare muka tsaya a gindin giginyar nan. Har na ce da ita ta haife shi da ba ta yi masa haka ba. Wannan ta ƙarshen da ta fita daga bakina na so in kamo ta, amma ta riga ta isa. Adda ta ajiye carbinta.

"Haka ne," ta ce. "Ban haife shi ba. Sai ki faɗa masa na fasa, ni bakina ba zai iya ba."

"Ni zan kira shi?"

"Ba ke kika yi boko ba? Rubuta masa."

Haka na koma Unguwar Ya. Ku fahimce ni, ba fushi ne ya fi yawa a cikina ba, tsoro ne. Tsoron ruwan yana nan, kullum in na rufe ido sai in ga bidiyon nan da ba gaɓa. Amma akwai wanda ya fi shi. Kwana uku ni da yaron nan, ba Adda, ba Rabi, ba murhun da zan gyara. Wa zai karɓi maganarsa ya miƙo mini? A ina zan ci abinci? In ya tambaye ni wani abu da ba a amsa shi da to, me zan ce? Na yi kwana biyu ina jan ƙafa. A na uku na ciro takarda daga littafin ajinmu, na zauna a inuwar darbejiya na rubuta. Wannan ne karo na farko da sunansa ya fito daga jikina, ta hannu. Na rubuta Usmanu, bayan gaisuwa, Innarka ta fasa, ta ce ruwa, na yi iyakar yi na. Na so in ƙara da cewa ni ma na fasa, sai hannuna ya ƙi. Na bar layin ba komai don ya gane da kansa. Habi, autata, ta ɗauki hoton takardar ta tura masa.

Da la'asar amsa ta zo, da murya, kuma Habi ya yi wa magana ba ni ba. Ya ce ya tuntuɓi masu jirgin ko za a sauya sunan Adda da na Habi, sun ce lokacin sauya suna ya wuce, kuma Habin ma ba ta da fasfo. Gadon dai haka zai tafi ba kowa. Sai ya ƙara da cewa:

"Ki ce wa Yafendo kada ta takura kanta. Na san dama saboda Inna za ta zo. In ita ma ta fasa ba komai, wallahi ba zan ji haushi ba."

Habi ta kalle ni tana jira. Ni kuwa maganar nan ta shige ni kamar ƙaya. Ba gori ya yi mini ba, da gori ne da na san yadda zan rama. Abin da ya yarda da shi ne ya faɗa, cikin ladabi. Yaron da na yi kwana biyu ina naƙudarsa ya kai shekara arba'in yana ganin ba zan taka ko'ina saboda shi ba. Kuma wa zai ce ya yi ƙarya? Me ya taɓa gani?

Na ce, "Ki ce masa ina zuwa."

"Hajiya, har jirgin ruwan?"

"Da Hausa na yi magana ko da wani yare?"

Ana gobe zan tafi Kano in bi ayarin masu Umara, Adda ta zo da tsarabar a ƙulle, dambun nama da man shanu da daddawa. Ba ta tayar da maganar ranar nan ba, ni ma girman kai ya hana ni. Ta zauna a bakin gadona tana lissafa mini shi kamar mai ba da ajiyar akuya.

"Ba ya son yaji da yawa. Ba ya fara cin abinci sai babba ya sa hannu, in kika ƙi ci a gabansa da yunwa zai kwana. In kika ga yana murza kunnensa na hagu, ransa ne ba daɗi, kada ki tambaye shi, ki ba shi labarin wani abu daban."

Ina ninke kaya ina cewa na ji, amma kowace kalma sabuwa ce a wajena. Ban san ko ɗaya ba.

A filin jirgin sama na Jidda na hango shi kafin ya gan ni. Da ya gan ni ya taho da sauri ya durƙusa, amma idonsa ya wuce ta kafaɗata yana duba bayana, ko Adda ta canza shawara. Da ya ga ba kowa sai ya karɓi jakata da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya tafi kunnen hagu. Kwanakin Umara sun zo mini da sauƙi. Ibada ta cika tsakaninmu, a gida kuma Rabi tana nan, yarinya mai surutu, Allah ya yi mata albarka, ita ta zama Addata. Sai ranar jirgin ruwa ta zo, Rabi ta rako mu bakin mota ta koma.

Ba zan iya kwatanta muku girman abin nan ba. Ta wata doguwar rumfa aka shigar da mu, ban ga ruwa ba, ban san lokacin da ƙafata ta bar ƙasa ba. Lunguna ne dogaye masu ƙofofi iri ɗaya, ko'ina shimfiɗa mai laushi, ko'ina sanyi. Ya buɗe mini ɗakina ya ajiye jaka. Gado biyu, an gyara su tsaf, a kan kowanne an ajiye 'yar takarda mai suna. Na karanta tawa, na karanta ta Adda. Nasa ɗakin yana wani hawa can sama. Na ɗaga labulen taga sai na ga ruwa har inda ido ya ƙare, ba gaɓa, ba bishiya, ba tsuntsu. Ashe tagata ɓangaren teku take kallo, ƙasa tana ɗaya gefen. Ni ban sani ba. Na ji ƙasan ɗakin yana ɗan kaɗawa da ƙugin inji, na ce shi ke nan, mun yi nisa. Na saki labulen na zauna a ƙasa tsakanin gadajen biyu, na jingina da na Adda.

Jim kaɗan ya dawo ya yi sallama a bakin ƙofa. Na buɗe kaɗan, na tsaya ina kallon takalminsa.

"Yafendo, bayan la'asar akwai wani abu da za a yi, kowa da kowa zai..."

"Na ji. Duk abin da za a yi a yi."

"A'a, ina so ne in yi miki bayani, saboda za ki ji..."

"Na ce na ji. Je ka huta."

Na tura ƙofar. Haka na saba yi masa tun yana yaro, kuma haka ya saba juyawa. Ya tsaya jim a waje, ina ganin inuwar ƙafarsa ta ƙarƙashin ƙofa, sannan ya tafi. Abin da yake so ya faɗa mini shi ne, kafin jirgi ya tashi sai an yi atisaye, a busa jiniya, kowa ya je wurin da aka ware masa a nuna masa yadda ake sa rigar da ke hana nitsewa. Ya yi niyyar ya sauko ya ɗauke ni kafin a busa, sai aka busa da wuri yana sama. Kun ga ke nan laifin ba na masu jirgi ba ne, ba kuma nasa ba.

Na idar da la'asar ina zaune, sai jiniya ta ɗauka. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, gajeru a jere sannan doguwa, kamar daga cikin ƙashina take fitowa. Wata murya ta cika ɗakin ta lasifika da Larabci da Turanci, ba wanda nake ji a ciki. Na buɗe ƙofa. Lungun ya cika da mutane, duk gefe ɗaya suka nufa, wasu da jajayen riguna masu kumburi a wuya, ma'aikata suna tsaye suna nuna hanya da hannu. Wata mata ta wuce tana jan yara biyu. Ban tsaya na lura cewa ba mai kuka ba, ban lura wasu ma dariya suke yi ba. Abin da na gani shi ne kwale-kwale ya kife. Na kama bango. Kuma wallahi, ga Allah nan, ban tuna kaina ba. Ban tuna rigar ba, ban tuna takalmi ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a ƙirji, yaron nan yana wani wuri a cikin abin nan, ni na kore shi daga bakin ƙofa, kuma ban san ko lambar ɗakinsa ba don ban bari ya faɗa ba.

Na kutsa cikin mutane ina tafiya kishiyar inda suke tafiya. Wani ma'aikaci ya tare ni yana nuna mini baya, na ture hannunsa. Na samu matakala na hau, hawa ɗaya, hawa biyu, ƙirjina yana zafi, kowane lungu irin na baya. Na fara kira. Kun san da me na fara? Kai. Kai yaro. Na wajen Adda. A cikin jirgin da ya ɗauki mutanen gari guda, tsohuwa ba takalmi tana cewa kai yaro. Wa zai waiwayo? Na faɗa wata ƙofa sai ga ni a fili, iska ta buge ni, ga jama'a jere-jere cikin jajayen riguna, ga ruwa a bayansu. Na duba fuskoki, ba shi. Na ji leɓena yana rawa, kuma na gane rawar. Na taɓa ganinta daga ƙasa, ina riƙe da gefen zani. A nan ne na ga Inna a gindin giginya sarai kamar yadda nake ganin takardar nan, na kuma san abin da yake bakinta kwana uku bai fito ba. Aka yabe ta, ta koma gida da yabon, shi kuma ruwa ya tafi da shi bai ji ba.

Na buɗe baki da duk ƙarfin da nake kiran shanu da shi ina yarinya.

"Usmanu! Usmanu!"

Wurin ya yi tsit, har mai bayani da lasifika ya dakata. Na sake kira, na uku, na huɗu, ban san iyaka ba. Sai na ji daga bayana, daga matakalar da na fito, ashe ya je ɗakina bai same ni ba yana ta bin hawa-hawa yana nema.

"Na'am. Na'am, ga ni."

Ya iso yana haki, da riga biyu a hannu. Na kama gaban rigarsa da hannu biyu na ce za mu nitse, ya sa rigar, ya sa tasa tukuna. Ya ce ba nitsewa za a yi ba, gwaji ne. Ban yarda ba. Sai ya kama hannuna, shi ma karo na farko ke nan tun yaye, ya zaga da ni ɗaya gefen jirgin ya nuna mini. Ga ƙasa nan, ga motoci, ga igiyoyi masu kaurin cinya an ɗaure mu da su. Wani mutum ma yana zaune a ƙasa yana shan shayi. Nan ne wurin da kuke dariya, kuma ya cancanta. Na zauna daɓas a kan wani benci, ya durƙusa yana ɗaura mini rigar, ya kasa sa maɗaurin. Kansa a sunkuye ya yi magana.

"Ashe kin san sunan."

Na ce, "Ni na ji shi kafin kowa. Ta taga aka raɗa mini ranar suna."

Ya ci gaba da fama da maɗaurin. Na ga ɗigo biyu sun sauka a kan jar rigar, na kau da kai na ba shi wuri.

Kada ku ɗauka tsoron ruwan ya tafi. Kwana ukun nan labulena a sauke yake, kuma kullum da rigar nan a kusa da filona. Amma da aka kawo abinci a ranar, na tuna maganar Adda, na sa hannu na ci a gabansa, shi ma ya ci. Na tambaye shi lambar ɗakinsa na rubuta a tafin hannuna. Na ba shi labarin Ilu, wanda Adda ba ta taɓa ba shi ba. Ya tambaye ni abubuwa, wasu na amsa, wasu na ce ya bari sai wani jiƙon. Takardar sunan Adda kuwa ban bari masu gyaran ɗaki sun ɗauke ba, na sa ta cikin jakata, tana nan cikin akwatina har yau.

Abin da ya biyo baya shi ne ba ku sani ba. Tun daga wannan tafiya, in Juma'a ta zo waya biyu yake kira. Kun ga kamar ƙari ne aka samu, ba wanda ya rasa komai. Ba haka ba ne. Adda ta rayu damina biyu bayan nan, kuma a cikinsu ban sake jin ta ce ɗana ba. Sai dai ta ce ɗanki ya kira, ɗanki ya aiko. Na farko da ta faɗa na yi mata faɗa, ta yi murmushi ta ci gaba. Na nemi gafararta a kan maganar da na faɗa mata a Kwandiko, ta ce ta yafe tun a ranar, kuma na yarda ta yafe. Amma yafiya daban, mantuwa daban. Wasunku suna cewa da gangan ta fasa don ta haɗa mu. Wasu suna cewa tsoro ne kawai. Ban taɓa tambayarta ba, kuma kada wanda ya ƙara yanke mata hukunci a gabana. Matar da ta tsaya a gindin giginyar nan tana da ikon ta ji tsoro, tana kuma da ikon ta yi abin da ya fi tsoro wuya.

Ranar da na dawo, kafin in sauka a gidana na sa mota ta wuce da ni Kwandiko. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na ajiye mata zamzam da dabino, muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi cikin Rabi. Labarin jiniya ya riga ni isowa, har maƙwabta sun sha dariyarsu. Ita ba ta yi dariya ba. Ta bari sai da masu sannu da zuwa suka watse.

"An ce kin kira shi."

"Na kira."

"Da sunansa?"

"Da sunansa, Adda. A gaban mutane."

Ta ci gaba da tsintar wakenta, tana ware masu ƙwari gefe guda. Na jira faɗa, don ita ce babba, kuma abin da na yi ba a yi a gidanmu. Sai ta ɗago.

"Ya amsa?"

"Ya amsa."

Ta gyaɗa kai. Ta ture faifan gabana don in taya ta, muka sa hannu tare.